Ƙarfen Da Ba Shi Da Suna

Assalamu alaikum 'yan'uwana na kasuwar Fanteka ta Kaduna, da duk wanda hannunsa ya san baƙin mai. Kun daɗe kuna tambayata yadda aiki yake a Jamus, ni kuma ina ta ce muku lafiya lau. Yau dai zan ba ku labarin abin da ya same ni a watan jiya, don har yanzu yana ci mini rai.

Shagonmu ƙarami ne, mu bakwai ne, a wani gari kusa da Munik. A can lungu, bayan injunan kwamfuta, akwai wani tsohon injin milin, mai sassaƙa ƙarfe da wuƙa mai juyawa, ƙirar Deckel FP1 da ya girme ni. Kamfanin da ya ƙera shi a Munik ya haɗe da Maho tun 1993, yanzu ma sunan DMG Mori ake ji, amma tsohon nan yana aiki garau, kuma littafinsa na asali yana cikin durowa, ko shafi ɗaya bai yage ba.

Wani kwastoma ya kawo wuƙar yanka haƙoran giya 'yar Ingila, raminta inci ɗaya, wato milimita 25.4. Sandunan riƙe wuƙa da muke da su kuwa na awon Jamus ne, milimita 22 da 27. Ga shi wutsiyar sandar Deckel tana da tiredinta, wato zaren da ake murɗa ta da shi, na daban, S20x2, mai kama da haƙoran zarto. Dole sai an ƙera sabuwa. Raina ya yi fari, na ce yau ga ranar nuna abin da na koya a shekara 11 a Kaduna. Na roƙi Maista, wato maigidan shagon, ya bar mini injin tanin, mai juya ƙarfe ana fere shi, na yini guda. Na tono wani tsohon shaf, wato sandar ƙarfen cikin inji, a kwandon gwangwan, na gurza shi da magagari, na duba tartsatsinsa a dutse, na ga ƙarfe ne mai tauri. Kafin magariba sanda ta fito tana ƙyalli.

Da safe na miƙa masa. Dattijo ne mai furfura, ba ya yawan magana. Ya jujjuya ta, ya yaba tiredin, sannan ya ce, "Wane ƙarfe ne wannan?" Na ce shaf ne mai kyau, na gwada shi. Ya ce ba kyansa ya tambaya ba, sunansa yake son ji. Na yi shiru. Wallahi tun da na fara sana'ar nan ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, ni ma ban taɓa yi wa mai sayar da ƙarfe ita ba.

Ya ɗaura sandar a injin, ya kafa agogon awo a bakinta, yana juya ta da hannu a hankali. Kowane layi a fuskar agogon kashi ɗaya ne cikin ɗari na milimita. Allura ta tafi layi bakwai ta dawo. Kaurin gashin kai ke nan fa, ido ba ya gani. Ya ce shi layi ɗaya yake yarda da shi. Ya kwance ta, ya mayar da ita kwandon da na tsinto ta, a gaban wani ɗan koyo mai shekara 17, wanda na isa in haife shi. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Daren nan barci ya ƙaurace mini. Abin da ya faɗa gaskiya ne: in sanda tana rawa, haƙora biyu ko uku na wuƙar ne ke cin ƙarfe su kaɗai, su dakushe da wuri, giyar da aka yanka kuma ta yi ta kuka har ta cinye abokiyarta. Sai na tuna giyoyin injin niƙa da na yanka wa mutane, su dawo bayan wata uku, mu ce musu ba sa zuba giris ne. Mai injin ya sake biya, ya tafi yana godiya. Allah Ya yafe mana.

Ku ji yadda aka yi sanda ta biyun. Maista ya sa na zana ta a takarda tukuna, da kowane awo. Aka yi odar ƙarfe da sunansa, 16MnCr5. Ya iso an buga masa lamba a jiki, tare da takardar da ta faɗi tukunyar da aka narka shi da abin da ke cikinsa. Na fere shi na bar ɗan rara, aka aika wa masu gasa ƙarfe. Su ba su da wata sana'a sai wannan: su taurara fatar ta kai wajen 60 a awon tauri na Rockwell, cikin kuma ya zauna da ɗan laushi don kada ta karye. Daga nan sai dutsen gurza. Da aka ɗora agogo, allura ta ɗan motsa, ba ta cika layi ɗaya ba. Maista ya gyaɗa kai kawai ya wuce.

Amma kada ku zaci aljanna nake. Sandar nan guda ta ci kwana 16. Masu gasa ƙarfe sun riƙe ta kwana tara, ko ka yi kuka ba za su tsallake layi ba. Mai sayar da ƙarfe ba ka ganin fuskarsa, balle ka ce ya rage maka, balle bashi. Kuɗin kawowa ya fi kuɗin ƙarfen. Yammacin Juma'a ka buga waya ba mai ɗauka, Lahadi kuwa doka ce ta rufe kantuna, ko noti ɗaya kake nema sai Litinin. In Agusta ta zo, wani shagon a garƙame yake mako biyu ko uku. A Fanteka ko Ƙofar Ruwa, ka shigo da hantsi da karyayyen abu a leda, kafin la'asar ka tafi da sabo, an ba ka benci, an aika yaro ya karɓo maka shayi. In aka kira salla a kashe inji a tafi tare. A nan ni kaɗai nake shimfiɗa kwali a bayan kabad. Ranar da kewar gida ta taso, ƙarar injin ma daban nake jin ta.

Kuma na rantse muku hannunmu bai gaza nasu ba. Ɗan koyon nan in aka ɗauke masa zane ya tsaya ke nan, alhali yaranmu da ido suke kwafe abin da ba su taɓa gani ba. Sai dai shi shekara uku da rabi zai yi, ana biyansa, yana zuwa makaranta kowane mako, kuma makonninsa na farko magagari da maikiromita, ma'aunin kaurin ƙarfe, kawai aka ba shi. Namu yaron sai ya yi shekara biyu yana sayo wa oga abinci. Shago nawa ne a layinmu ke da agogon awo? Wanda ke da maikiromita ma a gida yake ɓoye ta. Kalmar nan "haka ma ya yi" ita ta fi rashin wuta cutar da mu. Na san Ajakuta tun 1979 ake jiran ƙarfenta, na san abin da man janareta ke ci, amma ba gwamnati ce ta hana mu auna aikin da muka karɓi kuɗinsa ba. Abin takaici, masana'antar tsaro ta Kaduna da aka kafa a 1964 kamfanin Jamus na Fritz Werner ne ya girka ta, iyayenmu da suka yi aiki a can sun san awon nan sarai. A hannunmu ya zube.

Ranar Asabar na je kasuwar tsofaffin kaya na sayo maikiromita uku da agogon awo biyu, Maista da kansa ya gwada mini su da ƙarafan gwaji. Wani ɗan'uwa zai sauka Kano ƙarshen wata, zai taho da su. Ɗaya na shagon maigidana ne da ya koya mini sana'a, sauran ƙanena zai raba. Don Allah duk wanda ya samu, ya fara ɗora agogon a bakin injinsa ya juya da hannu, ya turo mini layi nawa allurar ta tafi.