Agogon da na saya wa 'yata don sanin halin zuciyarta

Bayan rasuwar kakarta, 'yata mai shekara 15 ta daina hira, abinci ma sai na matsa mata. Na taɓa jin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Hankalina bai kwanta ba, sai na saya mata agogon hannu mai haɗe da manhajar waya, wadda aka ce tana gane damuwar matasa. Wata uku ke nan muna amfani da shi.

Agogon yana auna bugun zuciya da barci. Ita kuwa manhajar, kullum da safe sai yarinya ta kalli kyamara, a karanta fuskarta.

Karatun fuskar nan ne ya ba ni takaici. Yarinya mai kunya ce, in babanta yana kusa sunkuyar da kai take yi, nan take manhajar ta rubuta baƙin ciki. Amma ranar da na jiyo kukanta cikin dare, washegari aka nuna min tana cikin farin ciki. Da na tambaye ta, ta ce, "Umma, murmushi kawai nake mata don ta ƙyale ni." Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai. Daga baya na gano Microsoft ma ya janye irin wannan fasahar a 2022, Tarayyar Turai kuma ta hana amfani da ita a makarantu tun Fabrairun 2025, sai dai don lafiya ko kariya.

Lissafin barcin kam ya yi min rana. Shi ya nuna tana farkawa ƙarfe biyun dare, ba ta komawa sai bayan Asuba. Da shi na kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a nan Kaduna. Likitar ta duba, ta ce in ɗan jira a waje, suka daɗe suna magana da Hausa su biyu. Ta fito idonta jawur, amma a hanya ita ta fara yi min hira.

Na kashe kyamarar, na daina biyan kuɗin wata. Agogon yana hannunta, da yardarta, kuma ranar Alhamis za mu koma wurin likita.