Hoton eko na zuciya: abin da ECG bai nuna wa Ummanmu ba

Wanda ke da dattijo mai hawan jini a gida, ya ga ya fara haki, ya nemi a yi masa hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura irin ta hoton ciki, kuma ya tabbatar likitan zuciya ne zai yi. Mun yi wa Umma a wata cibiya mai zaman kanta a Kano, na kuwa gamsu, duk da kuɗinsa ya fi na hoton ciki nesa ba kusa ba.

Umma ta daɗe da hawan jini. Aka wayi gari ko tsakar gida ta share sai ta zauna tana mayar da numfashi, da dare kuma sai an tara mata matasan kai. ECG, wato gwajin bugun zuciya da ake liƙa wayoyi a ƙirji, bai nuna wani abin a zo a gani ba.

Ba allura, ba zafi. Ta kwanta ta ɓangaren hagu, aka shafa mata jel a ƙirji, likita ya yi ta zaga kan na'urar wajen rabin awa.

Bayaninsa ne ya biya ni. Ya ce zuciya aiki biyu take yi: ta matse ta tura jini, sannan ta saki ta cika. "Hajiya, turawarki lafiya lau, ta haura kashi 50 cikin 100. Sakin ne ya yi rauni." Hawan jini ya kaurara bangon ɗakin zuciya na hagu na ƙasa har ya yi tauri, jini na cunkushewa ta baya zuwa huhu, ga dalilin hakin. Ya auna gudun jinin da ke shiga ɗakin, wato E da A, da saurin sakin tsokar, wato e'. Idan aka raba E da e' (E/e') ya wuce 14, matsi ya yi yawa a ciki. Matakan matsalar uku ne, Umma tana na biyu, wanda ke ruɗin mai gaggawa, domin E da A sukan fito kamar na mai lafiya. Sai da ya haɗa da e' da faɗaɗar ɗakin sama na hagu gaskiya ta fito.

Abin da ya sosa mini rai: ba mace ko ɗaya a ɗakin, alhali dole a buɗe ƙirji. Sai da muka yi magana aka kira ma'aikaciyar jinya. Ku nemi wannan tun a wajen biyan kuɗi, ku kuma karɓi rahoto mai lambobi, kada ku tsaya ga "ba komai" na fatar baki.

An gyara mata maganin hawan jini, aka ƙara na fitsari, aka rage gishiri da dunƙule. Kumburin ƙafarta ya saɓe, Alhamdulillahi.