Yaya, ƙararrawar tana nan tafe, amma a bar min tasoshin Inna

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa da fatan alheri. Yaya Anti da yara, yaya sanyin Jos? Na ji an ce bana hunturu ya sauko da ƙarfinsa. Mu ma muna fama, sai dai namu sanyin da yayyafi yake zuwa, kuma ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufa. A gaida Goggo da mutanen Gangare baki ɗaya.

Saƙonka ya iso tun makon jiya, magana biyu a ciki. Ta farko, in nemo maka ƙararrawar ƙofa mai daɗin amo da za ka sa a sabon gida. Ta biyu, wadda ka saƙala a ƙarshe kamar ba komai ba, wai za a share ɗakin marigayiya Inna a zuba 'yan haya, kuma wani ɗan gwangwan ya taya tarkacen da ke ciki. Ta farkon na gama da ita. Ta biyun ce ta hana ni barci, shi ya sa na zauna nake rubutu, don na san in saƙon murya na turo, rabi za ka saurara ka ajiye.

Ka san aikina a nan Bamingam ta Ingila shiga gidajen tsofaffi ne, in yi musu wanka, in ba su magani, in ɗumama musu abinci. Wannan aikin ya nuna min cikin gidan Bature fiye da yadda wanda ya shekara ashirin a ofis zai gani. Akwai wata tsohuwa da nake zuwa wajenta da safe, ta haura tamanin. Kana shiga zaurenta abin da za ka fara cin karo da shi wani faifan tagulla ne kamar babban faranti, an rataye shi a jikin katako mai sassaƙa, ga sandarsa a gefe an naɗe kanta da fata. Ni dai kuge nake ce masa, don aikinsu ɗaya da kugen fada, wato tara mutane. Ranar nan ina goge ƙura sandar ta kuɓuce ta same shi. Yaya, amon nan sai da na ji shi a haƙorina, kuma ya daɗe yana yawo a gidan kafin ya mutu. Tsohuwar ta yi ta dariya, ta ce na kira mutanen gida cin abinci, ga shi duk sun rasu.

Ita ta ba ni labarinsa. A zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, gidajen masu hali manya ne, ɗakuna barkatai, ba a aiken yaro ya bi kowa ya ce tuwo ya sauka. Sai a buga kugen nan sau ɗaya kowa ya je ya sake kaya, a sake bugawa a hallara a tebur. Da yawansu daga Indiya da ƙasar Bama aka kawo su lokacin mulkin mallaka. Ba Bama ta Borno ba, waccan Bamar da sojojinmu suka je yaƙi, wadda Kaka yake ba mu labarin abokansa da suka tafi ba su dawo ba. A irin waɗannan gidaje kuma za ka ga jerin ƙananan ƙararrawa a bangon madafa, kowace a maƙale da lanƙwasasshen ƙarfe, kowace da waya da ta bi cikin bango zuwa wani ɗaki. Uwar gida ta ja igiya daga sama, baranya ta duba wadda ke rawa ta san inda ake nemanta. Yau barorin babu su, amma ƙararrawar kuɗi ce.

To, ga yadda kasuwar take. Nan ba a ce wa abu tsohon tarihi sai ya kai kamar shekara ɗari. Wanda bai kai ba yana da nasa masu so, amma farashinsa daban. Mafi arha ita ce kasuwar bayan mota: ranar Lahadi da asuba mutane su cika but da abin da suka gaji da shi, su je wani fili su baje. Nan ne kaɗai na ga Bature yana ciniki kamar a Katako, ka taya ya ce albarka, ka juya ya kira ka. Sai shagunan ƙungiyoyin agaji, inda ake kai kaya kyauta su sayar su taimaki marasa lafiya. Sai kuma gidajen gwanjo na gaske, masu mai buga guduma. A nan ne baƙo ke shan mamaki, domin bayan farashin da guduma ta faɗa a kai akwai ladan gidan, wanda sau da yawa yakan haura kashi 20 cikin 100. A Landan kuma akwai titin Portobello da ke cika ranar Asabar. Na je sau ɗaya, na ga farashin 'yan yawon buɗe ido, na sha shayi na dawo.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hatimi. In abu na azurfa ne, juya shi kawai za ka yi. Za ka ga ɗan ƙaramin zaki, shaidar cewa kashi 925 cikin 1000 azurfa ce zalla. Kusa da shi akwai alamar garin da aka auna: ƙugiyar jirgin ruwa ta Bamingam ce, kan damisa na Landan. Sai harafi guda da ke nuna shekara. Ofishin awon na nan garin tun 1773 yake aiki, har gobe. Ke nan cokalin da ya girmi Kaka zai faɗa maka garinsu da shekarar haihuwarsa ba tare da mai kaya ya rantse maka ba. In kuwa ka ga an rubuta EPNS, to wanka aka yi masa da ruwan azurfa, kada ka biya kuɗin ta gaske. Tagulla ba ta da wannan gatan, amma wani dattijo mai shago ya koya min dabara: in riƙa yawo da ɗan maganaɗisu a jaka. Tagullar gaske ba ta kama shi. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka shafe.

Kada ka ɗauka ba a cuta. Ana yi. Akwai sabon ƙira da ake jiƙawa da sinadari ya yi duhu a ce na kakanni ne. Kuma a kasuwar bayan mota in ka saya ka saya ke nan. Ta intanet ne, in daga hannun ɗan kasuwa ka saya, doka ta ba ka kwana 14 ka fasa ka mayar ko da ba ka faɗi dalili ba. Wani abu kuma, in kugen yana da ado na hauren giwa, gudu ake yi. Dokar hana cinikin haure da suka yi a 2018 ta fara aiki a 2022, sai 'yan abubuwa ƙalilan da aka yi wa rajista.

Yanzu ƙararrawarka. Na duba iri uku. Akwai mai dogayen bututun tagulla da ke rataye a bango, wadda in an danna take rera amon agogon majalisar Landan. Kyau kam ba a magana. Amurkawa ne suka fi shahara da ita, irin su kamfanin NuTone da aka kafa a 1936, amma tasu an yi ta ne don wutar 120, tamu kuwa 230 ce kamar ta Ingila, sai an sake mata taransifoma. Ko ta nan ɗin ce ma, ciki wani ɗan ƙarfe ne da lantarki ke harbawa ya bugi bututun. Ka ga ranar da babu wuta baƙonka zai yi ta dannawa har ya gaji ya koma buga get da dutse, an koma gidan jiya. Akwai ta zamani mai kyamara da ke nuna maka fuskar baƙo a waya, wannan kana iya samunta a Abuja ko ma kasuwar Taminus a Jos, ba sai na ɗauko daga nan ba. Wadda na saya maka ta uku ce: tsohuwa, ta tagulla, ta murɗawa. Ana huda ƙofa, mabuɗin yana waje, kwanon yana ciki, baƙo ya murɗa ta yi ƙara kamar ta keke amma da kauri. Ba ruwanta da wuta, ba ruwanta da batir. Fam 18 na biya bayan ciniki, kuma na gwada ta da maganaɗisu.

Zan faɗa maka gaskiya, dariya na yi da na ga buƙatar taka. Gidan da yara goma ke shiga da fita, almajiri na sallama, mai ruwa na sallama, maƙwabciya ta shigo ɗiban wuta, wa zai tsaya murɗa ƙararrawa? Nan suna buƙatarta ne don ƙofa kullum a kulle take, kuma ba a zuwa gidan mutum sai an yi waya. Tsohuwar da na ba ka labari, akwai makon da in ban da ni da mai kawo wasiƙa ba wanda ya taɓa tata. Amma tunda kana so, ka samu.

Inda kuka fi su nesa ba kusa ba shi ne gyara. Sukurun ƙararrawar ɗaya ya ci, na kai wa wani mai gyaran agogo. Ya ce in dawo bayan mako uku, kuma kuɗin duba ta kaɗai ya kusa ninka abin da na saye ta. Na karɓo abata. Idan ta iso ka kai Dilimi, kafin ka gama gaisawa da mutane wani yaro ya ƙera mata sabo. Hannun mai sana'a a nan ya fi kayan tsada, shi ya sa abu kaɗan ya lalace sai a jefar. Hatta kwashe kayan mamaci, kamfani ake kira a biya shi ya share gidan, 'ya'ya na wani gari suna jiran a miƙa musu mabuɗi. Daga nan ne mafi yawan kayan gwanjon nan suke fitowa. Ran da na fahimci haka, sai da jikina ya yi sanyi.

Ka ga dalilin da maganar ɗakin Inna ta dame ni. A wani shago a nan na ga tire na tagulla mai zanen hannu, an manna masa 'yar takarda an rubuta Najeriya, aikin Bida, an ajiye shi a cikin gilashi. Wallahi Yaya, na Inna ya fi shi girma, ya fi shi aiki. Na tsaya ina kallonsa ina tuna jerenta: tasoshin nan da aka kawo ta da su gidan Baba, kwallaye masu murfi da aka ɗora tun daga kan kabad har rufi, langa-langai, akushin Kaka baƙi wuluk, da gadon ƙarfe mai rumfa da muke ɓuya a ƙarƙashinsa in mun yi laifi. Da 'yar ƙararrawar hannu da Kaka ya samo wajen Baturen kuza da ya yi wa kuku a Bukuru, wadda Inna take kaɗa mana da sahur. Ƙarfen ƙararrawa haɗi ne na jan ƙarfe da kuza, wajen kashi huɗu da ɗaya, kuma kuzar da aka haƙa a ƙasarmu ta Filato jirgin ƙasa ya yi ta kwasa ana kaiwa Ingila. Duk sanda na ji amon wata a nan sai in ce a raina wataƙila da ƙasar Bukuru a cikinta.

Ɗan gwangwan ba ruwansa da wannan. Sikeli zai ɗora, ya biya ka kuɗin kilo, gobe an narke. Ba laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. Nan ma akwai masu sayen tsohon ƙarfe, sai dai tun 2013 doka ta wajabta musu ganin katin shaidar mai kaya, kuma ba sa biya da tsabar kuɗi. Mu kuwa ka tuna kawunan Nok, tsofaffin kawunan nan na yumɓu da ke gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. A ramukan kuza aka fara tsintarsu, kuma an ce ɗaya daga ciki wani ya kafa shi a gonarsa yana korar tsuntsaye kafin a gane ko mene ne. Ban ce tasoshin Inna sun kai can ba. Ba kuma cewa nake a turo min in sayar ba, don tsofaffin kayan tarihi ba a fitar da su daga Najeriya sai da izinin hukumar gidajen tarihi, kuma ko an ba ni izinin ba zan sayar ba.

Na san kayan gado ne, akwai haƙƙin kowa a ciki. A kira Malam ya ƙiyasta yadda shari'a ta ce, abin da ɗan gwangwan ya taya ni zan biya har da ƙari, a raba wa magada. Ka sa yara su kwashe su kai ɗakin Goggo. A ɗauki hoton kowanne, sama da ƙasa, a turo min. A zaunar da Goggo ta faɗi wanne aka saya a ina, wanne ne na garar wa, wani ya rubuta a littafi, don yanzu ita kaɗai ta rage da ta sani.

Sannan don Allah ka ja wa Anti kunne, kada ta ce za ta burge ni ta sa a dirje su da toka da tsamiya. Na san haka Inna take yi duk jajibirin Sallah har sai mutum ya ga fuskarsa a ciki, amma yawan dirza yana cinye zanen, kuma duhun nan da tagulla ke yi in ta tsufa shi masana ke dubawa. A goge ƙura da busasshen tsumma kawai.

Ƙararrawar tana hannun wata 'yar Bauchi da muke aiki tare, za ta sauka Abuja ƙarshen wata, zan turo maka lambarta. Na haɗa da man zafi na Goggo da safar sanyi ta yara. Sukurun da ya ci yana cikin farar leda, na ɗaure shi a jikin mabuɗin, kada a yar.

Ƙanwarka.