Bayas na kanti a bakin bargon haɗe-haɗe: abin da na gani bayan wanki

Duk mai haɗa bargo da ragowar ƙyallayen atamfa ta san inda aikin ke ja wa mutum rai, wato baki. Kin jera ƙyallaye kin haɗa, kin shimfiɗa faiba, wato abin cikin da ke ba bargo kauri, a tsakiya, kin ɗora yadin baya, kin bi da ɗinki har ukun sun kama juna, sai ki tarar da sauran aiki a gaba: yankan dogon ƙyallen da za a rufe gefe, haɗa shi, ninkewa, guga. Wannan wahalar ce bayas na kanti, wato dogon ƙyallen rufe baki da ake sayarwa a yanke a ninke, ke ɗauke miki. Na sa shi a bargunan jarirai da kuma wani babba na gado, duk sun sha wanki sun ga hunturu, don haka ina da abin faɗa a kansa.

Da farko dai ba kowane bayas ne na bargo ba. Wanda ya cika shagunan masu kayan tela a kasuwar Sabon Gari ta Kano shi ne siririn nan mai sheƙi na naɗi, wanda ake bi da wuyan riga da hannu. Da na tambayi wani mai shago ko zai yi wa bargo, cewa ya yi, "Hajiya, gaskiya in da kauri a abin ba zai rufe miki ba, sai dai ki nemi mai faɗi." Gaskiya ya faɗa. Yana da santsi, yana zille wa allura, kuma faɗinsa bai isa ya rungumi yadi biyu da faiba ba. Wanda nake magana a kai shi ne mai ninki biyu da ake naɗewa a jikin kati, irin wanda masu ɗinkin bargo a Amurka ke saye, na yi odarsa ta intanet. Kati ɗaya yadi 3 ne, faɗinsa a ninke kashi 7 cikin 8 na inci, kuma a jikin takardar an rubuta poliyesta kashi 55, auduga kashi 45. Akwai ƙaninsa mai rabin inci, wanda ya fi kyau a bargo maras kauri.

Lissafinsa ba wuya. Bargon jariri mai inci 36 da 45 kewayensa inci 162 ne, ki ƙara kamar inci 12 na haɗi da kusurwa. Kati ɗaya inci 108 ne, ke nan biyu sun isa har da ragowa. Babban bargo mai inci 90 da 108 kuwa kewayensa yadi 11 ne cif, sai kati huɗu.

Abin da ya fi burge ni da shi lanƙwasa. Da yake a karkace ake yanka shi, ba bin tsayin zare ko faɗinsa ba, yana da 'yar miƙa, yana bin kwana ba tare da ya tattare ba. A bargunan jarirai ba na barin kusurwa mai tsini. Farantin shayi nake kifawa a kowace kusurwa, in zagaya da alli, in bi da almakashi. Bayas ɗin sai ya kwanta luf a kan zagayen, babu ninkin kusurwa, babu dunƙule. Sharaɗi ɗaya ne, kada ki ja shi yayin da kike ɗinki, ki bar shi ya sake a kwanar. In kika ja, bayan kin gama gefen bargon zai ɗago sama kamar bakin faifai, kuma guga ba ta mai da shi.

Akwai wani ɗan sirri a jikinsa da ba kowa ke lura ba. Ki ɗaga shi ki duba ninkin da kyau, za ki ga ɓari ɗaya ya ɗara ɗayan faɗi da ɗan kaɗan. Da gangan aka yi haka. Mai faɗin shi ke zuwa ƙasa, ƙaramin a sama, don allurar da ta bi bakin na sama ta kama na ƙasa. Saboda wannan ake cewa ana iya cusa bakin bargo a tsakiya a ɗinke sau ɗaya a wuce wurin. A falle ɗaya ko biyu na yadi haka ne. A bargon haɗe-haɗe kuwa, inda ɗinki ya haɗu da ɗinki kaurin ya ƙaru, ɗan bambancin nan ba ya isa, na ƙasa yakan zame ya bar rami, ba za ki gani ba sai kin juya bargon. Hanyar da ta fi min ita ce ta ɗinki biyu. In fara bin bakin bargon gaba ɗaya da ɗinki kusa da gefe don yadi da faiba su danne. Sannan in buɗe bayas ɗin, in daidaita bakinsa da bakin bargon ta baya, in ɗinke a kan layin ninkin farko, in juyo shi gaba in danne da ɗinki na biyu. Da tsohon kekena na ƙafa nake yi, allura lamba 14, lamba 16 in faibar ta yi kauri, kuma ina ɗan tsawaita taƙin ɗinkin. Wannan ya cinye wani ɓangare na lokacin da aka ce zai rage miki, amma duk da haka ya fi yanka da ninkewa sauri nesa ba kusa ba.

Kafin duk wannan sai an goge shi, domin naɗin kati yana bar masa karaya a kai a kai. Dutsen guga kada ya yi zafi sosai saboda poliyestar, ki ɗora ɗan ƙyalle mai damshi a kai.

Yanzu ga inda muka rabu da shi. Sunansa mai ninki biyu, amma ki warware shi ki duba daidai ƙashin bayan ninkin, wurin da ke zama a kan bakin bargo: yadi ɗaya ne tal a wurin. Ninkin da aka yi na gefuna ne. Wanda ake yankawa a gida kuwa, ƙyalle mai faɗin inci 2 da rabi da aka ninke biyu a tsaye, yadi biyu ne ke kewaye bakin. Bakin bargo shi ke shan wahalar duka, shi ake ja, shi ke jan ƙasa, shi ake murzawa a wanki. Yankan karkace yana taimakawa, tunda zaruruwa da yawa ne ke ratsa ninkin, ba zare ɗaya ke kwance a kai daga farko zuwa ƙarshe ba, don haka ba ya tsagewa dogo lokaci guda. Amma yadi ɗaya dai yadi ɗaya ne. A babban bargon, gefen da ke wajen kai, inda ake kamawa a ja da asuba, ya fara koɗewa yana tsattsefewa alhali atamfar jikinsa ko gezau ba ta yi ba. Na jarirai har yanzu lafiyarsu ƙalau, su ba wanda ke fizgar su, kuma kafin baki ya gaji yaron ya wuce bargon.

Sai taushi. Sabo yana da tauri kamar an sa masa sitati. Wanki yana sassauta shi, amma ba ya kai laushin atamfar da ta sha ruwa. Ƙanwata da na ɗinka wa na suna ta shafa gefen ta ce, "Yaya, jikin ya fi bakin laushi, ba zai goge masa haɓa ba?" Na karɓa na wanke shi da ruwan ɗumi kafin ranar sunan, ya yi dama-dama. Tun daga nan ba na ba da bargon jariri mai irin wannan baki sai na wanke shi tukuna.

Launi ma sai haƙuri. Duk kala ɗaya ne, ba zane, kuma shuɗin kanti da shuɗin atamfa ba kasafai suke jituwa ba. Na daina neman wanda ya yi daidai, gara in ɗauki wanda ya bambanta sarai, baƙi ko ruwan toka, ya zama kamar an yi da niyya. Ga kuma haɗi: yadi 3 gajere ne, babban bargo sai an yi haɗi huɗu, ban da wanda akan tarar an riga an yi a cikin katin. A karkace ake haɗa shi a buɗe ɗinkin da guga, in ba haka ba zai yi ƙulli.

Kuɗi kuwa, kati huɗu da kuɗin kawowa sun fi ƙarfin yadi guda na auduga mai kyau, alhali bakin babban bargon nan ƙyalle 10 masu inci 2 da rabi da aka yanka a faɗin yadi yake buƙata, inci 25 ke nan, ko yadi bai cika ba. Wadda ke da ragowar turmi a ajiye ma ba ta kashe ko sisi ba. Don haka na gado yanzu da hannuna nake yanka bakinsa. Na jarirai, da shimfiɗar tebur, da abin sauke tukunya, da duk wani abu mai zagaye, su nake saya wa na kanti, musamman in suna ya matso aiki ya yi min yawa. In ja ne ko shuɗi mai duhu, nakan yanki ɗan guntu in jiƙa, in matse shi cikin farin ƙyalle in gani ko yana zuba kafin ya kusanci bargon.