Shekara biyu ina riƙe da sabar Luanti daga Jidda

Ɗan yayata ne ya jawo mini wannan aiki. Yaran gidanmu sun warwatsu, wasu nan Jidda, wasu Kano, wasu kuma wajen dangin mahaifiyarmu a Gadarif ta ƙasar Sudan, kuma in ba gaisuwar sallah ta waya ba, babu abin da ke haɗa su. Shi ne ya ce, "Kawu, tunda kana gyaran kwamfuta, ka buɗe mana wurin wasa namu mu kaɗai mana." Na bincika, na tsaya a kan Luanti, wanda a lokacin ake kira Minetest. Wasan gini ne da tubala, mutane da yawa suna shiga duniya ɗaya su haƙa ƙasa, su yi gida, su yi noma. Wani ɗan ƙasar Finlan mai suna Perttu Ahola ne ya fara shi a 2010, aka canja masa suna a watan Oktoba na 2024. Kyauta ne, rubutun manhajarsa kuma a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara.

Wannan sharhi na mai riƙon sabar ne, wato kwamfutar da duniyar wasan ke zaune a kanta kowa ya shiga daga inda yake, domin ni ba na wasan sosai. Ina bayan fage.

Kafawa bai ba ni wahala ba, sai abu ɗaya. Da farko na ɗora ta a kan wata tsohuwar kwamfuta a shago, amma intanet ɗin da nake da shi irin na layin waya ne, ba ya barin mutum daga waje ya shigo ta ƙofa ta 30000 da wasan ke amfani da ita. Yaran Jidda da ke tare da ni a shagon suna shiga, na Kano kuwa shiru. Dole na yi hayar ƙaramar sabar Linux da nake biya da 'yan riyal duk wata. Daga nan komai ya koma fayil ɗaya, minetest.conf, wanda har bayan canjin suna bai bar sunansa ba. A ciki kake rubuta sunan shugaban sabar, yawan waɗanda za su iya shiga lokaci ɗaya, da ko za a sanar da ita ga duniya. Ni na hana sanarwa. Na kuma cire izinin interact daga abin da sabon shiga ke samu, saboda haka baƙo ko ya shigo ba zai iya taɓa ko tubali ɗaya ba sai na ba shi izini da hannuna. Ga mai tara yara ƙanana, wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓar wasan.

Abin da ya sa na ƙaunace shi da gaske shi ne yadda aka rubuta bayaninsa. Injin wasan da C++ aka gina shi, wannan ban taɓa shi. Amma kusan duk abin da yaro ke gani, itace, ƙofa, tanda, dabba, ƙari ne da ake kira mod, an rubuta shi da yaren Lua, kuma akwai wani dogon fayil, lua_api.md, da ya bi umarnin ɗaya bayan ɗaya yana faɗin aikinsa. Ban san darajarsa ba sai wani daren Alhamis.

Bayan isha'i ne, yara sun cika sabar tunda washegari Juma'a babu makaranta a nan, sai ta mutu. Na tayar, bayan minti goma ta sake mutuwa. Na buɗe debug.txt, inda sabar ke rubuta duk abin da ya same ta, na gangara ƙasa. Ta faɗi sunan mod ɗin, ta faɗi fayil, ta faɗi lambar layi, ta ce an nemi wani abu a wurin da babu komai. Wani ƙaramin mod ne na kai mutum gida, wanda mai shi ya daɗe da barinsa. Yana jira daƙiƙa kaɗan kafin ya ɗauke ɗan wasa. To yaran Gadarif layinsu na yawan yankewa, sai yaro ya ba da umarni, layi ya tsinke, mod ya zo ɗaukarsa ya tarar ba kowa, sabar duka ta faɗi. Na koma lua_api.md, na tarar an riga an yi gargaɗi a kan haka ƙarara: kada ka ajiye ɗan wasa a hannu kana zaton zai jira ka, ka ajiye sunansa, in lokaci ya yi ka sake tambaya ko yana nan. Layi uku na ƙara. Har yau ba ta sake faɗuwa a wurin ba. Da rufaffen wasa ne, da sai dai in aika ƙorafi in zauna jira.

Karo na biyu ya fi ciwo. Na cire wani mod na kayan ado domin yana nauyaya sabar, da safe sai ga kira daga 'yar ƙanwata tana kuka: "Kawu, ɗakina ya lalace, duk bangon ya zama wasu akwatuna masu rubutu." Haka wasan yake yi, tubalin da aka cire mod ɗinsa ba ya ɓacewa, yana tsayawa a matsayin abin da ba a sani ba. Wata uku ta yi tana ginin nan. Maganin yana cikin fayil ɗin dai, umarnin register_alias, wanda ke cewa duk inda aka ga tsohon suna a ɗauke shi a matsayin sabo. Na zauna na haɗa kowane tubali da makamancinsa, ɗakin ya dawo, ko da yake launin labulen ya canja, kuma ta lura.

Tun ranar na buɗe fayil nawa na kaina, da Hausa. Duk mod da na saka, daga ina na samo shi, a ContentDB, shafin da ake tara mod na wasan, ko wani wuri, wane ne ya dogara da wane, me na gyara a ciki da ranar da na gyara. Na rubuta yadda ake ajiye kwafin duniya: a tsayar da sabar tukuna, sannan a kwafi foldar gaba ɗaya, map.sqlite da world.mt da fayilolin 'yan wasa da na kalmomin sirri, domin kwafin da aka ɗauka sabar tana tsaka da rubutu ba abin dogaro ba ne. Na rubuta cewa ba a sabunta komai ranar Alhamis.

Akwai abin da mai sha'awa ya kamata ya sani kafin ya shiga. Bayanin da Turanci yake, kuma an rubuta shi ne domin mai neman wani umarni takamaimai, ba domin ɗan koyo ba, sai ka yi haƙuri da shi. Tsofaffin darussa suna rubuta minetest a gaban umarni, sababbi suna rubuta core, duka biyun suna aiki, amma na yi kwanaki ina zaton abubuwa biyu ne. Tun fitowar 5.8 a ƙarshen 2023 injin yana zuwa ne babu wasa a ciki, kai za ka zaɓi wanda za ka ɗora. Mu Mineclonia muka gwada kafin muka zauna a kan Minetest Game saboda sauƙinsa a tsofaffin wayoyi. Sannan yana kan Android da kwamfuta, amma babu na hukuma a iPhone, wanda a Saudiyya ba ƙaramar magana ba ce. Yara biyu sai da aka nemo musu tsohuwar wayar babansu.

Da lokacin aikin Hajji ya zo, shago ya cika, na yi mako uku ban leƙa sabar ba. Ƙanena da ke Kano na miƙa wa ita, shi da bai taɓa rubuta layin Lua ba, na tura masa fayil ɗin nan na Hausa. Sau ɗaya ya kira ni, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare a nan, tara a wajensu, ya ce, "Yaya, wurin da ka ce a tsayar da sabar kafin kwafi, ba ka rubuta yadda ake tayar da ita ba." Gaskiyarsa. Na faɗa masa, na ce ya ƙara da hannunsa. Da na dawo na tarar ya ƙara wannan da wasu abubuwa huɗu, har da sunayen yaran da aka ba izinin gini da wanda ya tsaya wa kowannensu.