Ƙirgar takarda ko ƙirgar gida: wacce ta fi a Damagaram?

Hanya biyu ce hukumar birnin Damagaram za ta bi ta san ko gidaje na ƙaruwa. Ta farko tana cikin ofis: a buɗe rajista a ƙirga filayen da aka yanka da takardun izinin gini. Ba tsada, ba wahala. Sai dai fili ba gida ba ne. Wani ya sayi fili a bakin gari, ya kewaye shi da katanga, shekara goma ba mai kwana ciki sai awaki. A takarda kuwa an ƙirga shi.

Ta biyu ita ce a taka ƙasa: ma'aikata su zaga gundumomi 5 na birnin, su duba inda aka yi rufi, inda kamfanin wutar lantarki na Nigelec ya sa mita, inda hayaƙi ke tashi daga madafa. Wannan ce ke gano ɗakin da maigida ya ƙara a unguwar Birni ko Zango don ɗansa ya yi aure, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Tana cin mai da lokaci, ga zafin bazara. Ni dai ita na fi yarda da ita, musamman in an haɗa da hoton tauraron ɗan'adam.