Wane ƙamus ya dace ka nema in kana bin diddigin kalmar "palice" a tsohon yaren Scots?

Kafin ka fidda ko sisi ka fara tambayar kanka wane zamani kake nema, don a nan mutane ke tafka asara. Yaren Scots, wato wanda ake yi a kudanci da gabashin Sikotlan, ba Gelik na mutanen tsaunuka ba, masana sun raba shi gida biyu, na kafin 1700 da na bayan 1700, kuma manyan ƙamus ɗinsa ma haka aka raba su. In ka sayi na ɓangaren da ba shi kake so ba to ka sayi takalmin ƙafa ɗaya kenan.

Ita kalmar kanta za ka gan ta a rubuce palice, palyce, palace, kowa da yadda ya ga dama tunda lokacin babu tsayayyiyar ƙa'idar rubutu. Ta shigo ne daga Faransancin da, palais, shi kuma daga Latin, palatium, sunan tudun nan na birnin Rum inda Agustus, sarkin Rum, ya yi gidansa. Ma'anar farko ita ce wadda kowa zai zata, gidan sarki, kamar su Linlithgow da Falkland da Holyrood. Sai gidan bishop, kamar Spynie na bishop ɗin Moray. Mawaƙa ma sun ɗauke ta sun gina fada ta tunani, Gavin Douglas ya yi doguwar waƙarsa Palice of Honour wajen 1501. Amma abin da ke rikita baƙo shi ne a Sikotlan kalmar na iya nufin salon gini kawai, wato dogon sashe mai babban zaure da ɗakuna a jere, saɓanin hasumiyar da ake ɗora ɗaki kan ɗaki, ko da mai gidan bai haɗa komai da sarauta ba. Ka duba Culross Palace, ɗan kasuwa ne George Bruce mai harkar kwal da gishiri ya gina abinsa tsakanin 1597 da 1611, ba gidan sarki ba ne sam. Mu da muka saba in an ce fada to lallai akwai sarki da fadawa a ciki, sai ka yi hankali kar ka fassara kowace palice da fada.

To yanzu zaɓin.

Babban yaya shi ne A Dictionary of the Older Scottish Tongue, DOST ake ce masa a taƙaice. Juzu'i 12 ne, an fara fitar da shi 1931 aka gama 2002, ka lissafa da kanka, sama da shekara 70. William Craigie ne ya fara shi, wanda yana cikin editocin babban ƙamus ɗin Oxford, daga baya A. J. Aitken ya karɓa. Ya ɗauko yaren tun daga ƙarni na 12 har 1700 kuma gaskiya in palice kake bi nan ne gidanta, domin ba ma'ana kawai zai ba ka ba, zai jero maka jimloli daga takardun baitulmalin sarki da na kotu da na majalisun gari da waƙoƙi, kowace da shekararta, sai ka ga da idonka yadda akawun da ke rubuta kuɗin leburori yake amfani da ita daban da yadda mawaƙi ke yi. Matsalar ita ce nauyi da tsada, littafin laburare ne ba na aljihun ɗalibi ba, kuɗin aiko shi kaɗai ya isa ya sa ka fasa. In har ka nace sai takarda, juzu'i na 5 ne ke ɗauke da O zuwa Pn, shi kaɗai za ka nema a wajen masu saida tsofaffin littattafai.

Tarkon kuwa shi ne Scottish National Dictionary, SND a taƙaice. Sunan ya fi daɗin ji, juzu'i 10, an yi shi daga 1931 zuwa 1976 ƙarƙashin William Grant sannan David Murison, aiki ne mai kyau ba na kushe shi. Sai dai daga 1700 ya fara, zamanin sarakunan Sikotlan su Yakubu na 4 da na 5 da suka ƙawata fadojin Falkland da Stirling duk ya wuce kafin shafinsa na farko.

Akwai na Jamieson, malamin coci ne John Jamieson, ya fitar da nasa a 1808 juzu'i biyu, ya ƙara cikon wasu biyu a 1825. Yana da daɗin karantawa wallahi, amma asalin kalmomin da yake bayarwa wasu an daɗe da barin su, yana son jingina komai ga harsunan arewacin Turai. Kar ka biya kuɗi, tsoho ne, ana samun hotonsa kyauta a intanet.

Wanda ni zan ce ka saya in kana son abin riƙewa a hannu shi ne Concise Scots Dictionary, juzu'i ɗaya tal. Bugun farko 1985 ne, Mairi Robinson ta jagoranta, an tatso shi daga manyan biyun can, DOST da SND. Bugu na biyu ya fito 2017 daga maɗaba'ar jami'ar Edinbara, kuma shi ya fi dacewa ka nema saboda lokacin bugun farko ba a ma gama DOST ba, haruffan ƙarshe ba su samu cikakken tallafinsa ba. Yana nuna maka ƙarnin da aka yi amfani da kowace ma'ana, amma babu jerin jimlolin nan, kuma ya fi maida hankali kan inda Scots ya bambanta da Turanci, saboda haka kalma irin wannan da suke tarayya a kanta kar ka sa ran dogon bayani.

Sai abin da ya kamata in fara faɗa tun farko na ɓoye har yanzu, tun 2004 an haɗa DOST da SND an ɗora a intanet kyauta da sunan Dictionary of the Scots Language, yanzu sun maida shi Dictionaries, data kawai za ka ƙona. Ɗalibi ko mai fassara wannan ya ishe shi, ya ajiye kuɗinsa ya sayi Concise in ya samu hali. In ka shiga ka gwada rubutu fiye da ɗaya, palice da palace da palys, sannan ka duba wane daga cikin biyun ya ba ka amsar, kuma ka lura akwai wata kalmar Faransancin da, palis, mai nufin shingen itace, asalinta daban ne ko da rubutun ya yi kama, sai ka karanta jimlar ka ga ko zama ake yi a cikin abin ko kuwa kewaye fili aka yi da shi.